Rabin Ƙwaya Cikin Kifin Manaja

Zuwa ga Lauya,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fata kina lafiya, ke da Yaya mahaifiyarki da mai gidanta da abokan ɗinkinki na shago. Ni dai ga ni nan da rai da ragowar lafiya. Ciwon bayan nan nawa bai bar halinsa ba, da safe sai na dafa gado nake miƙewa. Amma katafilar kamfani ba ruwanta da ciwon bayan makaniki, in ta tsaya ni ake kira. Madatsar ruwan da aka ce shekara biyu za mu yi a kanta, ga mu cikin ta huɗu. Har yau babu sabis ɗin waya a dajin nan. Direban motar kayan abinci da ke zuwa duk bayan sati biyu, shi ne gidan wayarmu.

Takardarki ta iso jiya, gefenta ya sha mai don ya cusa ta cikin kayan girki. Sau uku na karanta. Kin ce Manaja ta daina cin abinci, ta zo gaban kwano ta sunsuna ta juya, miyau na zuba, bakin na wari. Kin ce mahaifiyarki ta ce tsufa ne a ƙyale ta. Babanki kuma ya ce a sa ta a buhu a kai bayan gari, wai mage ba ta ƙarewa a duniya.

Ki gaya masa, da ladabi tunda ni ba zan iya ladabin ba, cewa surukai ma ba sa ƙarewa a duniya, amma ban taɓa nemo masa buhu ba.

Ke ba sai na tuna miki ba, amma su a tuna musu. Shekara goma sha uku ke nan da matata, antinki marigayiya, ta tsinto magen nan cikin tsohuwar taya a garejina, ba ta cika tafin hannu ba. Da sirinji ta shayar da ita. Ni na raɗa mata Manaja, don aikinta ke nan, ta hau kujera ta naɗe hannuwa tana kallon wasu na gumi. Da antinki ta rasu kowa ya zo ya ɗauki abin da ya ɗauka, wata labule, wata tukwane. Ke kika ɗauki keken ɗinki, kika haɗa da magen ba tare da an roƙe ki ba, ban manta ba. Gidan kuwa wasu ne a ciki yanzu. Cikin duk abin da ya kwana ƙarƙashin rufin nan, masu numfashi biyu suka rage, ni da ita.

To ga abin da za ki yi. Ki sa ta a kwando ki kai ta wurin abokina Likitan Shanu, shagonsa na bakin kasuwar dabbobi, mai koriyar ƙofa. Ki ce ni na turo ki. Shekara talatin yana wannan aiki. Da idona na ga ya ta da bijimin da an riga an wasa masa wuƙa. Kada ki biye wa sabbin wuraren nan masu ƙyalli, waɗanda yara ke sa farar riga suna taunar cingam.

Kuma ba a banza na sa miki Lauya ba, tun kina shekara shida ba a gama magana ba ki ɗaukaka ƙara ba. Wannan karon ki bar gardamar a shago.

Kawunki.

*

Kawu,

Ina gaisuwa da girmamawa. Duk muna lafiya. Inna ta ce a gaishe ka, ta ce ka daina ɗaga ƙarfe kamar ɗan shekara ashirin. Saƙon buhu ban isar wa Baba ba, don ina so in ci gaba da kwana a gidan.

Na bi umarninka, na je wurin Likitan Shanu. Ya yi murna da jin sunanka, har ya share mini benci. Na ajiye kwandon a gabansa. Kawu, ko murfin bai ɗaga ba. Ya leƙa ta ramin saƙa ya ce, "Tsutsar ciki ce."

Na ce, "Baba, bakinta ne ke wari."

Ya ce, "Ai tsutsa har baki tana hawowa."

Ya jawo sirinji mai allura tsawon yatsana, ya zuƙo wani farin ruwa daga kwalbar da aka zana saniya a jikinta. Na ce, "Ba za a auna nauyinta ba kafin a auna maganin?" Ya ce, "Yarinya, idona ne sikeli." Na ce to bari in je in dawo. Na suri kwandona. Ban koma ba, kuma ba zan koma ba.

Daga nan na je asibitin dabbobi na babban titi, mai bangon gilashi. Sanyi kamar cikin firiji, ga talabijin, har rigunan karnuka ake sayarwa. Amma ɗakin jira ɗaya ne ga kowa. Wani kare mai girman ɗan maraƙi ya tura hanci cikin kwandon, Manaja ta saki fitsari a jikinta. Likitan bai wulaƙanta ni ba, sai dai ya fi kallon kwamfutarsa fiye da magen. Ya ce a bar ta kwana uku. Na ce a nuna mini inda za ta kwana. Aka ce ba a shiga. Na ce wanda ba zai nuna mini ɗaki ba, ba zan bar masa amana ba.

Wata mai kawo mana ɗinki ce ta yi mini kwatancen na uku. Bene ne a saman shagon mai gyaran agogo. Matakalar ƙunci, fankar na kuka, bencin jira ɗaya tak, amma karnuka da safe ake ganinsu, maguna da yamma. Likitar mace ce, gajeriya, hannunta duk tabon yakushi. Ta buɗe kwandon ta bar shi a kan tebur, ba ta sa hannu ba. Ta shiga yi mini tambaya: shekarunta nawa, me take ci, tana yawan shan ruwa, yaya fitsarinta, ta wane gefe take tauna. Kafin mu gama Manaja ta fito da kanta tana sunsunar biro. Ta ɗora ta a sikeli, kilo uku ba kaɗan. Ta buɗe bakin, ta haska tocila, ta ce, "Zo ki gani da idonki."

Kawu, haƙora huɗu sun ruɓe. Dasashin ya kumbura yana fitar da mugunya. Ashe yunwa take ji duk kwanakin nan, ciwo ke korar ta daga kwano. Ba tsufa ba ne, ba tsutsa ba ce.

Da na ce ina son ganin ɗakin baya, sai ta ce, "Ƙofar a buɗe take, ki dai kula da bokitin." Keji biyar ne, kowanne da tsummansa mai tsabta.

Ta ce maganin abin ɗaya ne, a cire haƙoran, kuma sai an yi mata allurar barci. Ba ta ɓoye mini ba, ta ce tsohuwa ce, akwai haɗari, shi ya sa za ta fara gwada jininta ta ga ƙoda da hanta. Ta ba ni wani magani da nake ɗiga mata a baki, yanzu tana ɗan lasar abinci mai ruwa. Ta ce wannan rage zafi ne kawai, kada a wuce wata guda. Na ce sai na ji daga mai ita.

Ka yi haƙuri, gardamar ta biyo ni daga shago.

'Yarka, Lauya.

*

Lauya,

Sallama. Na ji daɗi da kuke lafiya. Ni ma lafiya, in ban da ruwan sama da ya fara, ɗakin kwanon da nake ciki na yoyo daidai kan ƙafar gado.

Na karanta takardarki. Sai da na fita na zagaya bayan gareji sau biyu kafin in iya riƙe biro.

Zan fara da gaskiyarki, don ni ba na cin haƙƙin mutum ko da ina fushi da shi. Likitan Shanu bai kyauta ba. Ko injin da na sani shekara ashirin, ba na cewa ga ciwonsa sai na buɗe marfi. Ya tsufa, ya saba da shanu, kuma bakinsa ya fi idonsa sauri. Na yarda. Na gilashin ma kin yi daidai da kika bar su.

Amma allurar barci, a'a. Ba da yawuna ba, ba da raina ba.

Kina ƙarama lokacin, ba a gaya miki komai ba sai "Allah ya yi mata cikawa." To yau ki ji. Antinki da ƙafarta ta shiga asibiti, tana yi mini faɗa a hanya don na manta ban rufe tagar kicin ba. Aka ce ƙaramin aiki ne, za a sa ta barci na minti arba'in. Likitan nan ma mai kirki ne, shi ma ya yi tambayoyi, shi ma bai ɓoye komai ba. Aka kawo takarda aka ce miji ya sa hannu. Na sa. Na zauna a benci da takalmanta a leda. Da su na koma gida.

Shekara bakwai ke nan, har yau in aka miƙo mini takarda in sa hannu, ko ta karɓar safar hannu ce a sito, sai na ji yatsuna sun yi sanyi. Yanzu ki zo ki ce mini wata gajeriya a saman shagon agogo za ta sa Manaja barci? In ba ta farka ba fa? Ke za ki rubuto mini, ko direban ne zai gaya mini yana sauke albasa?

Ku da kuke gari kuna ganin ni ne mai taurin kai. Sauƙi ne. Kuna da juna, kuna da wanda za ku yi wa faɗa da safe. Ni ina nan cikin laka ina kwance cikin injin wasu, abin da nake da shi a duniya ɗaya ne kuma yana cikin kwandonki.

Ga abin da za a yi, kuma wannan ba shawara ba ce. Ina da hutu ƙarshen damina. A lallaɓa ta har in zo in gani da idona. Tunda ciwo ne ke hana ta ci, a kashe ciwon. Ki ɗauki ƙwayar farasitamol ɗaya, irin wadda Yaya ke ajiyewa a kwabarta, ki raba biyu, ki murƙushe rabin cikin kifin gwangwani, ki ba ta kullum da safe. Ni da nake ƙaton mutum biyu nake sha, bayana ya lafa. Rabi ya ishi mage. Makaniki ne ni, na san gwargwadon man da ƙaramin inji ke sha.

Ki karanta wa Yaya wannan sashen da ƙarfi, don ta san maganata ce, kada gobe ki ce ba haka na ce ba.

Kawunki, wanda har yanzu shi ne mai magen.

*

Lauya,

Sallama. Lafiyata ƙalau, kada ki tsaya a kan wannan.

KADA KI BA TA ƘWAYAR NAN. In kin riga kin ba ta, ajiye takardar nan, ɗauke ta ki ruga wurin likitar benen, ko da allura na tsakiyar riga. Ki dawo ki karanta sauran.

Yau da safe na je wurin malamin asibitin sansani karɓar maganin baya. Yana zuba mini ƙwayoyin a takarda, na ce cikin raha, "Ƙara mini, Malam, yanzu ni da magena magani ɗaya muke sha." Hannunsa ya tsaya. Ya ce, "Wace mage?" Na ba shi labari, har da ɗan alfahari.

Ya ce, "Makaniki, ka taɓa zuba fetur a injin dizal?"

Na ce, "Wane mahaukaci zai yi haka?"

Ya ce, "To ka zuba. Hantar mage ba ta iya narka wannan maganin. Rabi ma kisa ne. Jininta zai koma ruwan ƙasa, ya kasa ɗaukar iska, ta shaƙe tana kallonka."

Motar kaya ta tafi da waccan takardar tun shekaranjiya. Na san yanzu tana hannunku ko tana bakin ƙofa.

Na je wurin foman na ce a ba ni mota zuwa gari. Ya yi dariya har da dafa ciki. Ya kira mutane su zo su ji, wai makaniki na neman motar kamfani saboda mage.  Katafila biyu na tsaye na kwance musu ciki, ni kaɗai na san mazaunin kowane noti. Na tattara sifanonina, na kulle akwatin, na zauna a kansa. Ya ce in tashi. Na ce bayana na ciwo. Ya ce zai kai sunana ofis. Na ce ya rubuta da kyau, in ya rasa biro ina da shi.

Muna nan har rana ta raba tsaka, motocin kwasar ƙasa goma na jere ba mai loda musu. Daga ƙarshe ya ce ni ba zan je ko'ina ba, amma motar masu awon ƙasa za ta fita yau maimakon jibi, direbanta zai kawo wannan har ƙofar shagonku. Ya ce in an gama madatsar nan ni ne farkon wanda za a sallama. Na ce Allah ya kai mu, na gaji da ganin fuskarsa dama.

Duk gardamar da kika taɓa yi mini a duniya, ina roƙon Allah ya sa kin yi ta a kan wannan.

Kawunki.

*

Kawu,

Gaisuwa a tsaye, direban da ya kawo takardarka na jira a waje.

Takardarka ta gargaɗi ta zo yau. Ta makara da kwana ɗaya.

Ni ban ba ta ba. Tun ranar farko likita ta ja mini kunne kan maganin mutane, ta ambaci wannan ƙwayar da sunanta. Ban rubuta maka ba don ban taɓa zaton za ka kawo ta ba, wannan laifina ne. Da na karanta umarninka na ninke takardar na tura ƙarƙashin matashi, na ƙi karanta wa Inna, na tafi shago. Tana gyaran gado ta gani. Ka san Inna da rubutun hannunka. Ta ce ƙaninta na daji ya roƙi abu ɗaya, 'yarta ta ɓoye. Ta aika aka sayo kifi, ta daka rabin ƙwayar da cokali, ta durƙusa da kanta ta ba ta.

Da na dawo jiya da magariba na sami Manaja a bayan ƙofa tana haki, fuskar ta kumbura, dasashin ya yi duhu. Ban tsaya neman kwando ba, a mayafina na naɗe ta. Likita ta riga ta rufe, tana saukowa daga bene. Ta dube ta ta ce, "Me aka ba ta, kuma da ƙarfe nawa?" Ta juya ta buɗe ƙofa.

Yanzu tana ɗakin baya, an sa mata ƙarin ruwa da iska. Likita ta ce ba za ta yi mini alkawari ba, sai an ga kwana uku. Inna ta ƙi cin abinci tun jiya. Baba ya ce to ga shi an huta da neman buhu, na tashi na bar masa ɗakin.

Abin da na sani ke nan.

Lauya.

*

Zuwa ga Yaya,

Sallama irin ta ƙani ga yayarsa. Ina fata ƙafar nan taki ta yi sauƙi, kuma kin koma cin abinci. Ni lafiya.

Ban san ranar da wannan za ta fita ba. Motar da ta kawo takardar Lauya ita ce ta ƙarshe da ta haye, washegari ruwa ya tafi da gadar. Yau kwana ashirin da uku. Kwana ukun da likita ta ce a jira sun wuce sau bakwai da ɗori, ku kun san amsa, ni ban sani ba. Wataƙila tuni an binne ta a bayan gida ina nan ina yi mata addu'a. Ina rubutawa ne don in ban rubuta ba zan fasa wani abu.

Yaya, ba ke ba ce. Ki ji da kyau, don na san ki, za ki ɗauki abin ki goya har kabari. Hannuna ne ya rubuta, ni na ce a karanta miki da ƙarfi. Shekara goma sha uku ba ki taɓa shafa magen nan ba, da tsintsiya kuke gaisawa. Rana ɗaya tak kika durƙusa kika ba ta abinci da hannunki, don ni, kuma ni ne na mayar da shi guba. In akwai mai neman gafara a nan, ni ne.

Kada kuma ki yi wa yarinyar nan faɗan ɓoye takarda. Cikin mu uku ita kaɗai ta yi abin hankali.

Amma mijinki ki gaya masa na ji maganarsa. Ba zan yi kamar ban ji ba, kuma ba zan ce na yafe ba alhali ban yafe ba tukuna. Ba sai ya so mage ba. Amma ya san abin da take a wurina, ya ga ranar da na shigo da takalman nan a leda, shi ya karɓe su daga hannuna.

A nan ma haka. Abokan aiki sun sa mini suna Baban Mage, in na wuce wani ya yi kukan kyanwa. Su yi. Mutumin da bai taɓa samun abin da zai zauna a kan akwati dominsa ba, shi ne abin tausayi. Ban ji kunya ba, ba kuma zan ji ba. Kunyata ɗaya ce, na zauna a nisan kwana biyu ina auna magani da ido, ni da na gama zagin abokina kan haka.

Ƙaninki.

*

Kawu,

Ina gaisuwa. An ce an gyara gada, don haka ga labari. Duk muna lafiya, Inna ta koma cin abinci, har ta koma faɗa.

Tana da rai. Na sa wannan a farko don kada ka tsallake layi kana nema.

Kwana huɗu ta yi a ɗakin baya. Duk awa shida likita na ba ta wani magani mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, ranar hutu ma ta hawo benen. Ta ce abin da ya cece ta bakin nan ne mai ciwo, lasar kifin kawai ta yi ta bar sauran. Da haƙoranta lafiya ne ta cinye, da yanzu wani labarin nake rubutawa. A rana ta huɗu ta yakushi likitar. Likita ta ce, "Madalla, ta warke."

Bayan sati uku aka sake gwada jini, hanta ta farfaɗo. Amma bakin ya ƙara lalacewa, ta koma ƙashi da fata. Likita ta ce ba za a kai ƙarshen damina ba. Ta ce ko a yi yanzu da take da ɗan ƙarfi, ko a zuba ido yunwa ta kashe ta a hankali. Ta zaro takarda ta ce, "Waye mai ita?"

Na ce, "Kawuna. Yana daji, gada ta karye. Kuma ya ce a'a."

Ta ce, "Ya ga bakin?"

Na ce bai gani ba.

Ta ce, "Wa ke hawo da kwandon nan benen?"

Na ce ni ce. Ta ajiye biro a gabana.

Kawu, na sa hannu. Na rubuta sunana a wurin mai dabba. Na san abin da takardar nan take a wurinka, na karanta abin da ka rubuta kan Anti har na haddace. Ina sane na sa, ba mantuwa ba ce, ba wanda ya tilasta ni. In za ka yi fushi ka yi, amma ni ke kallonta kullum a gaban kwano.

Inna ta ce sai ta bi ni. Ta hau matakalar nan da ƙafarta mai ciwo, tana tsayawa tana tsine wa wanda ya gina benen. Ta zauna a benci ta rungume kwandon da ba kowa a ciki. Minti hamsin muna zaune. Sai likita ta leƙo ta ce, "Ku shigo, tana hararar mutane."

Biyar aka cire, ba huɗu ba. Kwana biyu tana tafiya kamar mashayi. Yanzu tana cinye kwanonta ta leƙa na wasu. Jiya ta hau kujerar Baba, ya tsaya a kanta ya yi ta kallo, daga ƙarshe ya jawo tabarma.

Likita ta ce in gaishe ka. Ta ce a gaya wa makaniki ita ba ta taɓa katafila ba, shi ma ya bar mata mage.

'Yarka, Lauya.

*

Lauya,

Sallama. Na gode Allah da lafiyarku. Ni ma lafiya, bayan dai sai a hankali. Ki ba Yaya takardar da ke haɗe da wannan, ta daɗe a aljihuna.

A tsaye na karanta taki, cikin laka, a bayan mota ana sauke kaya. Layi na biyu kawai na karanta na ninke, na je na zauna cikin gareji tukuna.

Na nemi fushin da kika ce in yi. Na samu, ba zan yi miki ƙarya ba. Na ce a'a, kika karanta dalilina, kika sa hannu. Da ba ta farka ba, da ban yafe miki ba har in mutu. Kuma da ni ne mai kuskure duk da haka, don ke kika ga bakin, ni tsorona kawai na gani. Duka biyun gaskiya ne, na rasa yadda zan zubar da ɗaya.

Daga yau kada ki sake jiran takardata kan abin da ya shafe ta. Abin da ke da likitar kuka gani, ku yi, ki ba ni labari daga baya. Sunan da kika rubuta a takardar nan ki bar shi yadda yake.

Foman ya tambaye ni yau, da ba'a, wai yaya jikin 'yata. Na ce ta warke, haƙora biyar aka cire mata, kuma har yanzu ta fi shi kyan baki.

Hutuna na nan ƙarshen damina, in gada ta tsaya. Ki tambayar mini likitar ko tana barin wanda ba mai dabba ba ya hau benen. Ki ce mata zan riƙe kwando, in zauna a benci, in rufe bakina.

Kawunki.